Kazata ta sake yin kwanci, kuma ba na son in sake asarar 'yan tsakin

Mai Kaji Tara ta rubuta:

Assalamu alaikum 'yan'uwa masu kiwo. Ina neman shawarar waɗanda suka riga ni daɗewa a wannan harka, domin abin da ya same ni a baya ba na son ya maimaitu. Ina da kaji tara da zakara ɗaya a bayan gida, suna kwana a akurki guda, da rana kuma a sake su su yi tono a cikin shinge. Yau kwana huɗu ke nan da wata jar kaza daga cikinsu ta lafe a gurbin da sauran suke yin ƙwai, ta ƙi fita ko da dare, alhali a da a kan sanda take kwana tare da 'yan'uwanta. Idan na miƙa hannu sai ta kumbura, gashinta ya tashi, ta yi wani irin gurnani ta kai mini sara, kuma da na ɗaga ta jiya na ga ta fige gashin ƙirjinta har fata ta bayyana. Sau ɗaya take fita a yini, ta ci abinci cikin gaggawa, ta sha ruwa, ta yi wani babban kashi mai wari, sannan ta koma da gudu.

Wannan ne karo na biyu da ta yi kwanci. A karon farko ban taɓa komai ba, na bar ta yadda na gan ta, ina ganin ai kaza ta san aikinta. Da lokacin ƙyanƙyasa ya yi, sai na tarar ƙwai goma sha bakwai ne a ƙarƙashinta, wasu har sun leƙo ta gefen fiffikenta. Biyar kawai suka fito, ta jira kwana biyu, ta tashi da su ta bar sauran. Da na fasa waɗanda ta bari, wasu ɓaragurbi ne, amma guda shida akwai 'yan tsaki a ciki, wasu sun kusa cika har da gashi, wasu kuma ba su kai ɗan yatsa ba, kuma ganin hakan ya daɗe yana damuna. Cikin biyar ɗin da suka fito, biyu na tsinta a cikin kwanon ruwan manyan kaji, ɗaya shirwa ta sure a gabana, ɗaya kuma ya fara takurewa da fuka-fuki a zube, yana kashi da jini, ya mutu a mako na huɗu. Guda ɗaya ne ya rayu.

Yanzu ma ƙwai goma sha ɗaya ne a ƙarƙashinta, kuma ban san waɗanne ne ta fara da su ba, saboda sauran kajin suna hawa kanta su zuba nasu. Shin in bar ta a inda take ko in ɗauke ta zuwa wani wuri? Ƙwai nawa ya kamata in bar mata? Kuma idan Allah Ya sa ta ƙyanƙyashe, me zan yi daban da abin da na yi a baya? Na gode.

Dattijon Akurki ya rubuta:

Wa alaikumus salam, Malama. Allah Ya mayar da alheri. Ki kwantar da hankalinki, domin duk abin da kika lissafa yana da dalili sananne, kuma babu ɗaya daga ciki da yake laifin kazar. Kazar da ta zauna kwana 21 a kan ƙwai, ta fito da 'ya'ya, ta kuma sake komawa kwanci, kaza ce mai daraja, musamman a yanzu da yawancin kajin da aka inganta domin yawan ƙwai, irin su Leghorn da kajin gidajen gona, sun kusa rasa wannan ɗabi'a gaba ɗaya. Tunaninki na cewa kaza ta san aikinta daidai ne. Ta san ɗumin da ƙwai ke buƙata, tana juya shi da bakinta sau da yawa a yini, kuma fatar ƙirjin da ta fige ita ce ke kai zafin jikinta kai tsaye ga ɓawon. Abin da ba za ta iya ba shi ne ta hana wata kaza hawa kanta, ko ta ƙirga ƙwai, ko ta rufe sama saboda shirwa. Wannan ɓangaren naki ne.

Babbar asararki ta farko daga ƙwan da ake ƙara mata ta fito. Ɗan tsako yana fara ginuwa ne daga ranar da ƙwai ya samu ɗumin kaza, ba daga ranar da aka yi ƙwan ba, shi ya sa ƙwai goma da aka yi a ranaku daban-daban za su ƙyanƙyashe kusan tare idan rana ɗaya aka sa su a ƙarƙashinta. Amma idan yau an ƙara ɗaya, jibi an ƙara biyu, kowannensu yana da nasa lissafin, kuma uwar ba za ta jira su duka ba. Da zarar na farko sun fito sun bushe, kwana ɗaya ko biyu take ƙarawa, sai ta tashi ta kai su ga abinci da ruwa, waɗanda suka rage kuma su yi sanyi su mutu a cikin ɓawo. Waɗannan shida da kika fasa, haka aka yi da su. Yawan ƙwan ma ya ƙara ɓarna, domin idan sun fi ƙarfin fuka-fukinta, kullum akwai waɗanda ke gefe suna sanyi, kuma da yake tana jujjuya su, na tsakiya ya koma gefe, na gefe ya dawo tsakiya, sai sanyin ya zagaya kusan dukansu.

Saboda haka shawarata ita ce ki kwashe waɗannan goma sha ɗaya gaba ɗaya ki fara sabon lissafi. Kwana huɗu ko biyar da za su ƙaru a kan zamanta ba za su cutar da ita ba, muddin tana ci tana sha. Ki zaɓi ƙwai takwas zuwa goma idan matsakaiciyar kaza ce, waɗanda ba su wuce kwana bakwai da yin su ba, masu ɓawo mai ƙwari, marasa tsagewa, ba manya ƙwarai ba kuma ba ƙanana ƙwarai ba. Kada ki wanke su, domin akwai wani siririn rufi a jikin ɓawon da ke toshe ƙananan ƙofofinsa daga ƙwayoyin cuta, kuma ruwa yana tafiya da shi. Wanda ya yi datti sosai ki ajiye shi gefe kawai. Idan tara su kike yi a hankali, ki ajiye su a wuri mafi sanyi a cikin gida, amma ba a cikin firij ba, tsinin yana kallon ƙasa. Zakara ɗaya ga kaji tara ya isa, don haka ba na jin za ki samu matsalar ƙwan da babu ɗa a ciki, sai dai ɗaya ko biyu.

Game da wuri kuwa, ni ina ɗauke tawa ne daga cikin taro. Ina da ƙaramin keji da na yi da katako da raga, ƙasansa a daidai da ƙasa, da gurbi a lungu ɗaya, da wurin da za ta miƙe ƙafa ta ci abinci ta yi kashi nesa da ƙwan. Da dare nake ɗauke ta, bayan duhu ya yi sosai, domin kaza ba ta gani da kyau cikin duhu kuma ba ta gardama. Nakan sa mata ƙwai biyu ko uku da ban damu da su ba, in rufe kejin da buhu ya yi duhu, in bar ta yini ɗaya ko biyu. Idan na ga ta lafe a kansu kamar yadda take a tsohon gurbi, sai in musanya su da ƙwan da na zaɓa, nan ma da dare, in rubuta ranar a jikin katakon. Gurbin ya zama mai ɗan zurfi kamar kwano, da busasshiyar ciyawa mai laushi, yadda ƙwai ba zai gangara waje ba kuma ba za su hau kan juna ba. Kada ki ajiye abinci da ruwa inda za ta iya kai baki tana kwance, domin idan ba ta tashi ba a cikin gurbin za ta yi kashi, kuma tashin nan na minti goma sha biyar zuwa rabin awa yana da amfani gare ta da ƙwan baki ɗaya.

Uwar Tsaki ta rubuta:

Baba ya faɗi gaskiya a kan ƙwan da ake ƙarawa, kuma ba ni da abin da zan ƙara a kan zaɓen ƙwai. Amma tare da girmamawa, Baba, ina da ja a kan ɗauke kaza daga gurbinta, domin ba kowace kaza ce ke yarda ba, ko da an yi da tsakar dare. Ina da wata baƙar kaza da na ɗauke kamar yadda ka bayyana, na rufe ta, na yi komai a hankali. Da gari ya waye sai na tarar da ita tsaye tana kai-komo a jikin raga, tana kuka, ta tattake ƙwai biyu, sauran sun yi sanyi. Da na buɗe mata sai ta ruga tsohon gurbinta ta kwanta a kan ciyawa babu ko ƙwai ɗaya. Wasu kajin wurin suke riƙewa a ransu fiye da ƙwan, kuma kuskurena a lokacin shi ne na ɗauke ta tare da ƙwan kirki, ban gwada ta da na banza ba kamar yadda Baba ya ce.

Tun daga lokacin, abin da nake yi shi ne in bar kaza a inda ta zaɓa, in kewaye gurbin da raga a cikin akurkin, in bar mata ɗan fili da kwanon abinci da na ruwa, sauran kajin kuma in yi musu wani gurbin a gefe. Ta haka tana jin motsin 'yan'uwanta, suna ganinta kullum, kuma ranar da za ta fito da 'ya'ya ba za su ɗauke ta baƙuwa su taso mata da faɗa ba. Idan ba ki da raga a yanzu, 'yar'uwa, mafi ƙarancin abin da za ki yi shi ne ki zana layi da fensir ki zagaye kowane ƙwai, yadda duk ta inda ya juya za ki ga alamar, sannan kowace yamma ki ɗaga ta a hankali ki cire duk wanda babu layi a jikinsa. Ki lura da ƙarƙashin fiffikenta kafin ki ɗaga ta sama, domin takan maƙale ƙwai a can, ya faɗo ya fashe. Sai dai wannan hanya tana da nata haɗarin, domin kaji biyu idan suka yi turereniya a gurbi ɗaya ƙwai yakan fashe, kuma wani lokaci mai kwancin takan dawo daga cin abinci ta tarar da wata a wurinta, ta koma wani gurbin ta kwanta, nata ƙwan su kwana a buɗe.

Akwai wani abu da ba a ambata ba, wanda a ganina ya fi kashe kaji masu kwanci fiye da yunwa, wato ƙuma da ƙwarƙwatar kaji. Kazar da ke yawo tana birgima a cikin ƙasa kullum tana kakkaɓe su, amma mai kwanci tana zaune wuri guda mai ɗumi har mako uku, ta zama abincinsu. Akwai wasu ƙananan jajayen ƙwari da ke ɓoyewa a tsagar katako da rana, su fito da dare su sha jini, don haka idan kika duba jikinta da rana ba za ki ga komai ba. Ki je da tocila da dare ki haska gurbin, ko ki shafa farin ƙyalle a ƙarƙashin katakon ki ga ko zai fito da ɗigon ja. Idan zankonta ya fara yin fari fat, ko ta fara tsayuwa a kan ƙwan maimakon kwanciya, to sun dame ta. Kafin ki sa sabon ƙwai ki kwashe tsohuwar ciyawar ki ƙone, ki tsabtace gurbin, ki sa maganin da aka yi domin kaji bisa umarnin da ke jikinsa, kuma ki ajiye mata busasshiyar ƙasa mai laushi da ɗan toka a inda za ta yi birgima idan ta fito.

Malamin Gona ya rubuta:

Hajiya Mai Kaji Tara, manya sun gama magana a kan gurbi, kuma hanyoyin biyu duk suna aiki. Ni da zan zaɓa, tsayin gurbin zan duba: idan a sama yake, dole ne a sauko da ita ko ba daɗe ko ba jima, domin ɗan tsakon da ya faɗo ba zai iya komawa ba, kuma uwar za ta rasa wanda za ta bi, na ƙasa ko na cikin gurbi. Zan yi magana a kan huɗun da suka mutu cikin biyar ɗin da suka fito, domin kowace mutuwa a cikinsu tana da maganinta.

Amma kafin nan, ki haska ƙwan sau ɗaya tsakanin kwana na 7 da na 10. Da dare, a cikin duhu, ki ɗora bakin ƙaramar tocila a kan faffaɗan gefen ƙwan, inda jakar iska take. Mai rai za ki ga jijiyoyin jini sun bazu kamar saƙar gizo, da wani baƙin ɗigo a tsakiya wanda wani lokaci yake motsi. Wanda haske ya ratsa shi tas babu ɗa a ciki, wanda kuma kika ga jan zobe ya zagaye cikinsa ya fara ne ya mutu. Ki cire waɗannan, domin ruɓaɓɓen ƙwai yana iya fashewa a ƙarƙashinta ya ɓata sauran. Wanda kike shakka a kansa ki yi masa alama ki mayar, ki sake dubawa bayan kwana huɗu. Daga kwana na 18 kuma ki janye hannunki gaba ɗaya.

Cikin abubuwan da suka kashe 'yan tsakin, ruwa shi ne na farko. Ɗan tsako na kwana biyu yana iya nutsewa a ruwan da bai kai tsawon yatsa ba, kuma ko bai nutse ba, jiƙewa kaɗai tana iya kashe shi da sanyi. Ki yi amfani da mazubin ruwa na 'yan tsaki mai siririn baki, ko faranti marar zurfi da kika cika da tsakuwa, yadda za su sha ta tsakanin duwatsun. Kwanon manyan kaji kuwa kada su kai gare shi sam.

Abinci shi ne inda mutane da yawa ke kuskure ba su sani ba. Abincin kaji masu ƙwai yana ɗauke da sinadarin kalsiyam kusan kashi 4 cikin 100, saboda ginin ɓawo, alhali ɗan tsako kusan kashi 1 cikin 100 yake buƙata, kuma abin da ya wuce haka yana lalata masa ƙoda a hankali. Ki ba su abincin da aka haɗa domin 'yan tsaki, mai furotin kashi 18 zuwa 20 cikin 100, uwar ma ta ci shi tare da su, tunda ba ta ƙwai a wannan lokaci, kuma zai taimaka mata ta mayar da jikin da ta zubar a kwanci. Ita ce za ta koya musu ci: za ki ji ta tana wani kira a jere, tana ɗaukar ƙwaya tana saki a gabansu. Idan sun fara tsintar ciyawa da ƙwari, su samu yashi mai ɗan kauri da zai taimaka musu niƙa abinci.

Wanda ya yi kashin jini a mako na huɗu, alamunsa sun yi kama da cutar kokisidiyosis, wadda ta fi kama 'yan tsaki tsakanin mako na 3 da na 6. Wasu ƙwayoyin halitta ne da ke lalata bangon hanji, suna yaɗuwa ta kashi, kuma sun fi ƙarfi inda shimfiɗa ta jiƙe ga kuma ɗumi. Ki riƙa sauya shimfiɗar da ke kusa da ruwa, kada kashi ya shiga abinci, kuma idan kika ga ɗaya ya takure ya rufe ido, kada ki jira gobe, ki nemi likitan dabbobi, domin akwai magunguna irin su amfuroliyam da ake sawa a ruwan sha, kuma suna aiki idan an fara da wuri. Ki tambaye shi kuma jadawalin rigakafin cutar Niyukasul, wadda ba ta da magani kuma tana iya share akurki cikin 'yan kwanaki.

Shirwa kuwa, rufi ne kawai maganinta. Uwa tana yin iyakar ƙoƙarinta, tana da kuka na musamman da idan ta yi shi 'ya'yan ke rugawa ƙarƙashinta ko su lafe a ƙasa, amma ba ta iya tare guda takwas a fili. Ki tsare su a wuri mai rufin raga na mako uku ko huɗu na farko, kuma idon ragar kada ya wuce santimita ɗaya da rabi, domin ragar kaji da aka saba ɗan tsako yana ratsa ta, ɓera da maciji ma haka.

Mai Kaji Tara ta rubuta:

Na gode ƙwarai, Allah Ya saka wa kowannenku da alheri. Na haɗa shawarwarin ne: gurbin nata dama a ƙasa yake, sai na bi hanyar Uwar Tsaki na kewaye shi da raga a inda yake, na kwashe tsofaffin ƙwan kamar yadda Baba ya ce, na sa mata sababbi tara. Da na haska gurbin da dare kuwa sai ga ƙwarin nan jajaye suna bin katako, abin da ban taɓa sanin yana nan ba, don haka sai da na tsabtace komai tukuna. Daren jiya kwana goma, na haska ƙwan, bakwai suna da jijiyoyi, ɗaya fari tas, ɗaya kuma da zoben jini, na cire biyun. A cikin ɗaya na ga ɗigon yana motsi da idona.

Ina da sauran tambaya biyu. Idan ranar ta zo na ga wani ya huda ɓawo amma ya kasa fitowa, in taimaka masa? Sannan akwai wanda zai ba ni 'yan tsaki uku na injin ƙyanƙyasa da za su fito kusan lokaci ɗaya da nawa, shin za ta karɓe su?

Dattijon Akurki ya rubuta:

Madalla, Malama, bakwai cikin tara abin godiya ne. A kan tambayarki ta farko, amsata ita ce a'a, kuma na san da wuya a daure. Tun kwana na 19 ko na 20 ɗan tsako yake huda jakar iska ta ciki ya fara numfashi, har za ki iya jin kukansa daga cikin ƙwai, uwar tana amsa masa ƙasa-ƙasa. Bayan ya huda ɓawon waje yakan huta na tsawon sa'o'i, wani lokaci har yini guda, kuma a wannan hutun ne yake ƙarasa janye gwaiduwa zuwa cikinsa, jijiyoyin jinin da ke jikin tantanin ƙwan kuma suna rufewa. Wanda ya ɓare masa ɓawo a lokacin yakan tsinka jijiya, ko ya fito da shi cibiya a buɗe. Na yi wannan kuskure da hannuna ina ganin taimako nake yi, jinin da ya ɓata mini yatsa ne ya sanar da ni. Yawan ɗaga uwar ma yana sa danshin da ke ƙarƙashinta ya tsere, tantanin ya bushe ya manne wa wanda ke ƙoƙarin fitowa. Kada kuma ki damu cewa na farko suna jin yunwa, domin gwaiduwar nan tana riƙe su kwana biyu har zuwa uku.

Baƙin 'yan tsaki kuwa takan karɓa idan an kiyaye sharaɗi. Kada su wuce kwana biyu ko uku da fitowa, kada tazararsu da nata ta yi yawa, kuma da dare za ki tura su ƙarƙashin fiffikenta ta baya, ɗaya bayan ɗaya, kina rufe su da tafin hannu don kada sara ya same su. Ki tsaya ki saurara: idan kukansu ya lafa, ita kuma tana gurnani mai taushi, alama ce mai kyau. Amma ki kasance a wurin kafin gari ya waye, domin da hasken farko ne ake sanin hukuncinta. Ɗan taɓawa da baki don ta tura su ƙarƙashinta ba komai ba ne, amma idan tana sara da ƙarfi tana korar su, ki kwashe su nan take. Saboda haka ki tanadi kwali da fitilar ɗumi tun kafin ranar, mai zafin digiri 32 zuwa 35 a makon farko, ana ragewa kusan digiri 3 kowane mako.

Mai Kaji Tara ta rubuta:

Assalamu alaikum. Na dawo in sanar da ku yadda aka ƙare, tunda da ku aka fara. Da yammacin kwana na 20 na tsuguna kusa da ragar na ji ƙaramin kuka daga ƙarƙashinta, ban taɓa ta ba. Washegari da safe sai ga wani ɗan kai rawaya ya leƙo ta tsakanin gashin fiffikenta, ya dube ni, ya koma. Zuwa daren kwana na 22 shida sun fito. Na bakwai ya huda ɓawo tun safe bai ƙara komai ba, na zauna ina kallonsa hannuna yana ƙaiƙayi, na tuna maganar Baba na tashi na bar wurin, kuma da asuba na tarar da shi a waje, a jiƙe, yana kwance a jikin ƙafarta.

Baƙin uku na sa mata a daren da na shidan ya fito. Biyu ta karɓe su kamar nata. Na ukun, wanda shi kaɗai ne baƙi wuluk a cikinsu, ta kai masa sara sau biyu da safe, sai na ɗauke shi na ajiye a kwali yini guda, na sake gwadawa da dare, kuma a karo na biyu ta bar shi. Yau kwanansu goma sha biyu, duka goman suna nan, gashin fuka-fukinsu ya fara fitowa, kuma jiya na ga biyu sun hau bayanta suna zamewa. Ita kanta ta rame sosai, ƙashin ƙirjinta yana taɓuwa, amma tana ci da kyau kuma jan zankonta yana dawowa.

Na yi musu rumfar raga a waje inda suke yini, sauran kajin suna zagayawa suna kallonsu ta cikin raga. Likitan dabbobi ya ɗiga musu rigakafin Niyukasul a ido, ya kuma rubuta mini ranar da za a maimaita. Malamin Gona ya ce mako uku ko huɗu kafin a sake su, ni kuwa ina ganin zan cika huɗun, sannan in fara buɗe musu da yamma na awa ɗaya ina tsaye a wurin.